Ruwan Tiga da Harshen Malaman Jinya: Tarihin Koyar da Wayar da Kai kan Lafiya a Ƙasar Kura da Bunkure

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya cikin watan Janairu, da zarar ya wuce Kura ya doshi Kadawa zai ga abin da mutanen dā ba su taɓa gani ba a wannan ƙasa, watau gonaki kore shar a tsakiyar hunturu, ga ruwa yana gudu cikin magudanan da aka haƙa, ga kuma yara suna iyo a ciki. Masana aikin gona da na tattalin arziki sun yi rubuce-rubuce da dama a kan wannan ruwa da arzikin da ya kawo, da kuma gonakin da aka karɓe aka sake rabawa saboda shi. Wannan maƙala kuwa wani ɓangare dabam za ta duba. Ruwan ya zo da cututtuka, ko kuma ya ƙara wa waɗanda ya tarar ƙarfi, sa'an nan aka ɗora wa malaman jinya da sauran ma'aikatan lafiya nauyin fahimtar da manoma yadda za su zauna da shi lafiya. Su waɗannan ma'aikata da Turanci aka koyar da su, da Turanci aka jarraba su, amma da Hausa suke aiki. Tarihin wannan giɓi da ke tsakanin harshen aji da harshen ɗakin shan magani shi ne abin bincike a nan.

Daga duba-gari zuwa majigi

Kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa ba ta rasa masu koyar da sha'anin lafiya ba. Akwai wanzamai da ungozomai da masu ɗori da 'yan magori, kowa da fanninsa, ga kuma malamai da suka yi rubutu a kan ɗibbu, irin su Abdullahi ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Muhammadu Tukur. Duk bambancin da ke tsakaninsu, abu guda ya haɗa su: da mai ba da magani da mai karɓa harshe ɗaya suke yi, kuma ma'ana ɗaya suke ba kalmomin sanyi da zafi da shawara da iska. In wanzami ya ce wa mutum mataccen jini ne ya taru a bayansa, ba ya bukatar tafinta.

Asibitin Turawa ne ya fara raba harshen mai magani da na majinyaci. An buɗe Asibitin Birni na Kano, wanda daga baya aka sa masa sunan Murtala Muhammed, wajen ƙarshen shekarun 1920, a ƙarƙashin En'e. A 1930 aka yi dokar aikin ungozoma ta Nijeriya, a 1947 kuma aka yi ta rajistar masu aikin jinya. Amma makarantar da ta fara shafar talakan ƙauye kai tsaye ita ce Makarantar Tsabta ta Kano, wadda aka kafa a 1932 don horar da duba-gari. (Manazarta adabi za su so su tuna cewa Malam Sa'adu Zungur ya zauna a wannan makaranta a tsakiyar shekarun 1930, bayan ya baro Yaba, kafin a mai da shi Zariya.) Aikin duba-gari shi ne ya shiga unguwa ya leƙa randa ko da 'ya'yan sauro, ya duba masai da kwata da mahauta, wanda ya kama da laifi kuma a kai shi gaban alƙali a ci shi tara. Babu shakka an sami amfani cikin wannan aiki. Sai dai darasin da jama'a suka fi ɗauka daga gare shi shi ne, tsabta umurni ce ta hukuma, kamar haraji da jangali, abar da ake yi don gudun tara. Dalilin da ya sa sauro yake da haɗari kuwa, ba lalle ne a tsaya a bayyana wa matar gida ba, muddin ta zubar da ruwan randarta.

Daga 1939, da aka fara buga *Gaskiya Ta Fi Kwabo*, zuwa shekarun 1950 da aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, salon ya sauya daga umurni zuwa jan hankali. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1953 zuwa 1959, ta buga ƙananan littattafai masu yawa da Hausa, cikinsu har da na kiwon lafiya, motocin majigi kuma suna yawo ƙauyuka suna nuna hotunan tsabta da renon yara, mai bayani yana fassarawa da lasifika.  Abin lura shi ne, 'yan jarida da malaman yaƙi da jahilci ne suka yi wannan aikin fassara. Makarantun jinya ba su shiga ciki sosai ba, domin tsarin karatunsu daga Ingila aka ɗauko shi, kuma manufarsa a sami wanda zai tsaya kusa da likita a ɗakin marasa lafiya, ya bi umurninsa, ya rubuta rahoto da Turanci.

Zuwan ruwa

A wannan hali aka kafa Jihar Kano a 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamnanta, ya zauna har 1975. Shi ne ya ɗauki gina madatsun ruwa da muhimmanci ƙwarai. An fara da Bagauda, wadda da ruwanta aka yi gwajin noman rani a Kadawa a farkon shekarun 1970, sa'an nan aka gama babbar madatsar Tiga a 1974, daidai lokacin da fari ya gallabi ƙasashen Sahel. Wani kamfanin ƙasar Holan mai suna NEDECO ne ya tsara aikin, kuma kashin farko an nufi ya shayar da hekta 22,000 a ƙasar da a yau ta faɗa cikin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Mutanen Kura, waɗanda duniya ta san su da rini da bugu da turkuɗin da fatake suke kai wa Buzaye cikin hamada, ba baƙin noman rani ba ne. Amma abin da suka sani shi ne lambu a fadama, da jigo, da ɗan kwarmi na albasa, kuma ruwan kududdufi yakan ƙafe kafin bazara ta yi nisa. Wannan ƙafewa kanta kariya ce, ko da ba a san haka ba, domin takan rage katantanwar ruwa da sauro na tsawon watanni. Sabon tsari ya kawar da wannan hutu. Ruwa ya zauna shekara zagaye cikin babbar magudana da rassanta, da tafkunan da ake tara shi da dare, da kuma magudanan zubar da rarar ruwa, waɗanda ciyawa da kacalla suka cike su sannu a hankali. Da aka koma noman shinkafa gadan-gadan, bayan alkamar da aka fara da ita, sai gonakin kansu suka zama wurin kwanciyar ruwa.

Ba a iya cewa ba a san abin da zai biyo baya ba. Tun 1851 Theodor Bilharz ya ga tsutsar tsargiya a Alƙahira, a 1915 kuma Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa ta cikin katantanwar ruwa take bi kafin ta shiga mutum. An ga yadda cutar ta bazu a Masar da Gezira ta Sudan, an kuma gani a Ghana bayan an tare kogin Volta a shekarun 1960. A Jihar Kano ma, binciken da C. Betterton da abokan aikinta suka yi a ƙauyukan da ke kusa da madatsun ruwa, wanda aka buga a 1988, ya nuna cutar tana nan tare da katantanwar da ke ɗauke da ita. Ilmin yana nan cikin mujallun likitoci. Matsalar ita ce yadda zai sauko daga can ya shiga kunnen mutumin da ƙafarsa ke cikin ruwan tun safe.

Sabuwar manufa, tsohon aji

Shekarun da ruwa ya iso Kadawa su ne kuma shekarun da duniya ta sake tunani a kan kiwon lafiya. Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya zo da tsarin kai ƙananan asibitoci karkara, aka buɗe makarantun horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye a jihohi. A 1978 aka yi taron Alma-Ata, wanda ya sa ilmantar da jama'a a kan cututtukan da ke damunsu a sahun farko na aikin lafiya matakin farko. A 1979 aka haɗe hukumar jinya da ta ungozoma suka zama majalisa guda, bisa doka mai lamba 89. Da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya zama ministan lafiya a 1985 sai ya ƙarfafa wannan tafarki, har aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988. Sakamakon haka darasin lafiyar al'umma ya sami gurbi cikin karatun jinya na shekara uku, aka riƙa tura ɗalibai ƙauye na ɗan lokaci, su zaga gidaje, su tsaya gaban mata ranar awo ko ranar rigakafi su yi musu jawabi.

Wannan ci gaba ne na gaske. Amma an koya wa ɗalibi abin da zai faɗa, ba a koya masa yadda zai faɗe shi ba. An ɗauka tun da ɗan Kano ne ya iya Hausa, alhali kuwa iya hira da Hausa dabam, iya bayyana rayuwar tsutsa da Hausa dabam. Wanda kuma ya fito daga wata jiha, sai dai ya tsinci 'yan kalmomi a bakin leburan asibiti.

Misali mafi sauƙi shi ne na ruwan gishiri da sukari, wanda aka yayata a tsakiyar shekarun 1980 don ceton yara masu gudawa. Ma'aunin da aka tsayar a Nijeriya shi ne ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a shafe, da ƙananan cokula goma na sukari ko ƙwaya biyar ta sukari mai iyali, cikin ruwa cikin kwalbar giya ɗaya ko kwalaben lemo biyu. Ɗalibin da ya haddace wannan a aji ya zo ya maimaita shi kalma da kalma gaban matan aure a Bunkure, ya ambaci kwalbar giya, to ya rasa masu sauraronsa tun kafin ya kai ga gishiri. In ya tsallake wannan, ga maganar cokali tana jiransa, domin cokalin da ke yawancin gidajen ƙauye ba na shayi ba ne, kuma gishiri in ya yi yawa yana iya halaka jariri. In ya tsallake wannan ma, akwai abin da ya fi duka: ruwan ba ya tsayar da zawo, ƙarfin yaro yake riƙewa har zawon ya wuce. Uwar da ba a gaya mata haka a fili ba za ta ba da shi kwana guda, ta ga ba a daina ba, ta yanke hukunci cewa maganin bai karɓe shi ba.

A nan ne binciken Nina Etkin da Paul Ross yake da amfani. Sun zauna a wani ƙauye a ƙasar Wudil a tsakiyar shekarun 1970, suka koma a ƙarshen shekarun 1980, suka nuna cewa Bahaushen karkara ba ƙin maganin asibiti yake yi ba, karɓarsa yake yi ya sa shi cikin nasa tsarin fahimta, inda warkewa ita ce fitar cuta daga jiki, ta hanyar amai ko zawo ko gumi ko ƙuraje. Murray Last da Lewis Wall sun yi irin wannan nazari a ƙasar Malumfashi. Duk waɗannan ayyuka da Turanci aka buga su, yawanci a ƙasashen waje, kuma masana halayyar al'umma ne suka fi karanta su. Wanda ya fi kowa bukatarsu, watau ɗalibin jinya da za a tura Kura, ba da shi aka yi lissafi ba.

Tsargiya a bakin malami da bakin manomi

Tsargiya ita ce ta fi bayyana wahalar wannan aiki, saboda haka ya kamata a tsaya a kanta. Abin da littafi ya ce shi ne: mai cutar yana fitar da ƙwan tsutsa cikin fitsarinsa, in fitsarin ya shiga ruwa ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya nemi wata irin ƙaramar katantanwa ya shige ta, bayan 'yan makonni dubban 'ya'yan tsutsa su fito daga jikinta, musamman da tsakar rana, su huda fatar duk wanda ke cikin ruwan, su girma cikin jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, su zauna shekaru suna saka ƙwai. Ƙwan ne ke yi wa mafitsara rauni, shi ya sa ake ganin jini a ƙarshen fitsari. In abin ya daɗe yakan jawo ƙarancin jini, ya taɓa ƙoda, wani lokaci ya kai ga ciwon daji na mafitsara.

Kusan kowace gaɓa ta wannan bayani tana da tarko in aka zo mai da ita Hausa. In ɗalibi ya ce "dodon koɗi", abin da manomi zai hango shi ne babban nan mai rarrafe a kan ƙasa da damina, sai ya ce shi bai taɓa ganinsa cikin magudana ba, kuma gaskiya ya faɗa. Mai ɗauke da cutar ɗan mitsitsi ne, da kyar ya kai farcen ɗan yatsa, yana maƙale a ƙarƙashin ganye da ciyawar bakin ruwa. Babu kalmar da za ta yi aikin da tsamo shi a tafin hannu a nuna wa mutane zai yi, amma ɗalibin da a zane kawai ya san shi ba zai iya tsamo shi ba. In ya ce "tsutsa", tunanin mai sauraro zai tafi ga tsutsar ciki wadda ake gani da ido, ana kuma samunta ta baki. In ya ce "ƙwayar cuta", ga wata ƙwayar a hannunsa da yake cewa a haɗiya. Sa'an nan shekaru da yawa an yi ta yi wa mutane wa'azi, musamman lokacin yaƙi da kurkunu, cewa cutar ruwa ta hanyar sha take shiga, a tace ruwa a tafasa shi. Wannan wa'azi ya yi nasara, domin an ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a 2008, aka tabbatar da kawar da cutar a 2013. Amma nasarar tasa ce ta sa mutum yakan ce shi ba ya shan ruwan magudana, wanka kawai yake yi, yana ganin ya kuɓuta.

Tarko mafi zurfi shi ne na tsarki da tsabta. Manomin Kura ya karanta Ahalari da Ishmawi, ko ya ji an karanta, ya san cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita ba mai tsarki ne, ana alwala da shi ana wanka. Ruwan Tiga kuwa garau yake, yana gudu. Ɗalibin da ya tsaya ya ce wannan ruwa "ƙazanta" ne, ko "ba shi da tsarki", ya shiga fagen da dattawan wurin suka fi shi sani, kuma za su kayar da shi. Abin da yake nufi shi ne ruwan mai tsarki ne amma yana ɗauke da cuta, kuma furta wannan bambanci daidai shi ne rabin aikin. Da an koya masa, da ya san cewa a wannan fagen yana da abokin tafiya, domin hani ga yin bawali cikin ruwan da ke tsaye sananne ne cikin hadisi, limamin kowane ƙauye ya san shi. Ga hanyar katse rayuwar tsutsar a rubuce cikin littattafan zaure, amma ba a haɗa ta da littafin aji ba.

Bayan wannan akwai yadda ake kallon cutar kanta. A ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har da ƙauyukan Hausa, inda fitsarin jini ya zama ruwan dare ga yara maza akan ɗauke shi abin ƙuruciya da zai wuce, wasu ma su ɗauke shi alamar balaga. Abin da kowa yake da shi ba a kai shi asibiti. Ga mata kuwa matsalar ta juya: cutar takan taɓa al'aura da mahaifa, alamunta su yi kama da abin da ake tarawa ƙarƙashin kalmar "sanyi", ga kunya ta hana budurwa faɗa, ga tsoron kada a zarge ta. Ana iya zaton kulle ya raba mata da ruwan, amma 'yammata ne ke wanki da wanke-wanke a bakin magudana, kuma Cecile Jackson, wadda ta yi nazarin matan wannan yanki a shekarun 1970, ta nuna yadda tsofaffi da zawarawa suka shiga ƙwadagon gonakin, har ta rubuta labarin yajin aikin da suka yi a Kadawa. Malamar jinya da ba ta san kalmomin sakayawa ba, irin su "mara" da "gaba" da "kewayawa", ko ta san su amma ta yi tambayar a gaban layin mutane, ba za ta ji komai ba sai "ciwon ciki".

Daga ƙarshe ga nasihar da littafi ya tanada: a guji shiga ruwa. Wannan magana ba ta da wurin zama a Kadawa. Mai ban ruwa da ƙafa yake buɗe kwarmi, mai dashen shinkafa cikin ruwa yake wuni, yaro kuma a zafin watan Afrilu babu mai raba shi da iyo. Nasihar da za ta yi amfani ita ce wadda ta san haka: a hana yara fitsari cikin ruwa, a rage iyon tsakar rana, ruwan wanka a ɗebo a ajiye shi kwana biyu domin 'ya'yan tsutsar ba sa wuce haka da rai, a share ciyawar magudana, a kuma sha magani a kai a kai. Maganin praziquantel, wanda ya shigo hannu wajen 1980, sha ɗaya ake yi masa, kuma a rabon makarantu da sandar awon tsawo ake ƙayyade yawan ƙwayoyin, abin da ya sauƙaƙa wahalar tambayar shekarun yaron da ba a rubuta haihuwarsa ba. Amma ba ya hana sake kamuwa, kuma in aka sha shi da yunwa yakan sa jiri da ciwon ciki. In ba a faɗi wannan tun farko ba, yaro ɗaya ya yi amai a makaranta ya isa ya sa iyaye su janye 'ya'yansu. Jihar da ta ga gwajin maganin Trovan a 1996, ta kuma dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004, ba wurin da za a yi wasa da amincewar jama'a ba ne.

Noman tumatir da shinkafa ya ƙara wani babi da malaman 1975 ba su tanada ba, watau na feshi. Hausa kalma ɗaya take ba abin da ke warkar da mutum da abin da ke kashe ƙwari: duka "magani" ne. Gargaɗin da ke jikin kwalba yawanci da Turanci yake, da ƙananan haruffa, mai feshin kuwa wataƙila ajami ya iya, ko bai iya ko ɗaya ba. Malamin jinya da yake so a ji shi tilas ya ajiye "magani" ya ce "guba".

Suna sabo, da abin da ya rage

Masana a Amurka sun ƙirƙiro laƙabi na musamman ga wannan fanni tun 1974, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin ƙamusunta a 1998. Abin da suke nufi shi ne iyawar mutum ta samo bayanin lafiya, ya gane shi, ya yi aiki da shi. A 2000 Don Nutbeam ya kasa shi mataki uku: iya karanta umurni da binsa, iya yin tambaya da musayar magana da ma'aikaci, da kuma iya auna bayani har jama'a su nemi a gyara abin da ke jawo musu cuta. In aka ɗora tarihin da ya gabata a kan wannan ma'auni, duba-gari bai nemi ko matakin farko ba, majigi da jawabin ranar awo sun tsaya a na farko, na uku kuwa shi ne ranar da ƙungiyar masu amfani da ruwa za ta ɗauki yashe magudana a matsayin aikin lafiya, ba na noma kaɗai ba. Daga cikin dabarun da wannan fanni ya kawo akwai guda da ta dace da ƙasar Hausa ƙwarai, ita ce ma'aikaci ya nemi majinyaci ya maimaita masa abin da ya ji da bakinsa. Duk wanda ya san Bahaushiya a gaban malamin asibiti ya san "to" ɗinta ladabi ne, ba shaidar ganewa ba. Haka nan "sau uku a rana" ba ta da ƙarfin "bayan asuba, bayan azahar, bayan lisha".

Laifin wannan giɓi ba na makarantun jinya kaɗai ba ne, sassan koyar da Hausa ma suna da rabonsu. Kayan aikin sun daɗe a ajiye. J. M. Dalziel, wanda shi kansa likita ne, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen cututtuka. Aliyu Muhammad Bunza da ɗalibansa sun yi nazari mai zurfi a kan magungunan Hausa. Da aka zo ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi kuwa, aikin da Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990 na nahawu da adabi ne, domin bukatar malaman Hausa ce aka fara biya. An ba da digiri masu yawa a kan abin da boka yake faɗa wa mai neman magani, kaɗan ne ƙwarai suka zauna a ɗakin awo da rikoda suka ɗauki abin da malamar jinya take faɗa, da abin da mai ciki ta fita da shi.

An buɗe makarantar koyon aikin jinya a Madobi, maƙwabciyar Kura, saboda haka ɗaliban da suka yi karatu a can tafiyar ɗan lokaci ce tsakaninsu da magudanan Kadawa. Wasunsu ma 'ya'yan manoman yankin ne, sun yi iyo cikin ruwan suna yara, sun san sunan kowace ciyawa da ke bakinsa. Jarrabawar da Majalisar Jinya da Ungozoma take yi musu kafin ta ba su lasisi da Turanci ake rubuta ta, kuma shaidar cin Turanci a sakandare sharaɗi ce ta shiga makarantar. Shaidar cin Hausa ba ta cikin sharuɗɗan.